Zumunci ya koma cikin waya: Dalilin da ya sa mai hoto ya zama babban baƙo a bikin Hausawan Kudu

Duk wanda ya aurar da 'ya ko ya yi wa ɗa aure a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri cikin 'yan shekarun nan, ya san akwai layi ɗaya da ya hau sama a takardar lissafin biki. Da can mai hoto a ƙasan takarda yake, bayan kujeru da rumfa da ruwan leda. Yanzu kuwa, a gidaje da yawa, ana kama shi tun kafin a kama zauren biki. Wani lokacin ma ranar da yake da sarari ita ake bi a tsayar da ranar dina.

Dattawa sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan: kwaikwayo ne kawai, yara sun ga abin da ake yi a Instagram da TikTok sun ce su ma sai sun yi. Akwai gaskiya a ciki. To amma in aka tsaya nan, an bar babban dalilin a baya. Abin da ya ɗaga darajar mai hoto a wajenmu mazauna Kudu shi ne hanya. Ta yi tsada, ta yi hatsari, dangin da ke cika mota su zo biki yanzu a waya suke kallonsa. Hoto ya zama shi ne shaidar da ake aika wa gida. Kuma abin da ya kai wannan matsayi bai kamata a ci gaba da yin cinikinsa a tsaitsaye ba, ba takarda, ba sharaɗi, ba wanda ya tambayi amarya ko ta yarda duniya ta gan ta.

Mu muka fara bikin nesa

Abin da masu kuɗi ke kira bikin ƙetare, wato a kwashi ango da amarya da 'yan rakiya a tafi wani gari mai nisa a yi shagali, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushen Kurmi. Su Dubai suke zuwa, mu kuma Kano ko Katsina ko Sakkwato.

Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, aka kuma kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916, fataucin goro da na shanu ya zaunar da iyalai masu yawa a Kudu. An haifi 'ya'ya da jikoki a Agege da Shagamu da Abekuta, wasunsu Yarbanci ya fi zama a bakinsu fiye da Hausa. Amma in maganar aure ta taso, gida ake dubawa. Can baffa yake, wanda shi ne zai karɓi aure ko ya bayar. Can gwaggo take, wadda in ba ta ga lefe da idonta ba za a shekara ana ba ta haƙuri.

Saboda haka tsarin ya kasance ɗaya daga cikin biyu. Ko dai a yi shatar mota a tafi Arewa gaba ɗaya, har da kwandon goron ɗaurin aure da aka sayo a Shagamu, ko kuma dangi su cika mota su gangaro, a shimfiɗa tabarmi a gidajen maƙwabta su yi mako guda. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma haka aka yi ta yi shekara da shekaru. A wancan zamani aikin mai hoto kaɗan ne. Ya jera mutane a ƙofar gida, ya ɗauka, ya kawo albam bayan sati biyu. Duk wanda ya kamata ya ga bikin ya riga ya gani da idonsa.

Abin da ya sami hanya

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a yawancin jihohi cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta taɓa naira dubu ɗaya a wurare da dama. Daga Legas zuwa Kano tafiyar sama da kilomita dubu ce. Kowa ya san abin da wannan ya yi wa kuɗin mota, balle a zo maganar shatar bas guda zuwa da dawowa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Mai wannan albashi, mutum nawa zai iya ɗauka zuwa biki?

Da kuɗi ne kaɗai matsalar, da an ci bashi an tafi, don ba yau aka fara ba. Akwai fargaba. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na ranar 28 ga Maris 2022 ya nuna cewa ko wanda ya guje wa titi bai tsira ba. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah a gida. Wannan hanya ce da mutanenmu na Fatakwal da Warri da Binin ke bi kullum. Wata uku bayan nan, a Yunin 2025, aka tare motar 'yan ɗaurin aure da suka taso daga Basawa ta Zariya a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, aka kashe aƙalla mutum 12. Su ba daga Kudu suka taso ba, amma labarin ya shiga kowane gida da ke shirin cika mota zuwa biki.

Ƙara da ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025, wadda ta katse babbar hanyar da ta haɗa ƙasar Yarbawa da Arewa na wani lokaci. Ƙara da zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas tun Agustan 2021, wanda ya koya wa mazauna Anacha da Aba da Inugu duba kalanda kafin su sa ranar tafiya. In uba ya haɗa waɗannan duka ya ce mutum huɗu kawai za su je, sauran su yi haƙuri, ba rowa ya yi ba.

Hoto ya zama ɗan aike

Ga yadda gidaje da yawa ke yi yanzu. Ana raba bikin gida biyu. A ɗaura aure a masallacin unguwa a Kano ko Funtuwa, wakilin ango ya karɓa, waliyyin amarya ya bayar, shaidu su shaida, a ambaci sadaki. Addini bai ce dole sai ango ko amarya sun halarci wajen ba. Sannan a yi kamu da walima da kai amarya a Legas ko Ibadan, inda ma'auratan za su zauna. Ko kuma a yi akasin haka.

Ka ga ke nan kowane ɓangare rabin biki ya gani. Ragowar rabin sai a waya. Kaka da ke Daura ba za ta ga jikarta cikin lulluɓi ba sai a bidiyon da za a tura wa wani yaro a gidan ya nuna mata. 'Yan uwan ango da ke Gusau ba za su san irin gidan da ɗansu ya shiga ba sai ta hoton jere. Har iyayen amarya, in sun yi ƙoƙari wajen kayan ɗaki, hoton ne zai faɗa wa dangi cewa sun fita kunya. Gani ya kori ji.

Wannan ne ya sa ko talaka ba ya son hoton da aka ɗauka da wayar abokin ango. Kuɗin da ake warewa na mota, wani kasonsa ya koma wajen mai kyamara. Shi ya sa kuma aka sami sabon ma'aikaci a wajen biki, yaron nan ko yarinyar da ke yawo da waya tana haɗa gajerun bidiyo, ana rawa tana turawa, kafin a tashi daga dina mutanen Sakkwato sun gani a sitatus.

Me ya sa farashinsu ya tashi?

Ana yawan zargin masu hoto da tsawwalawa. Wasu kam suna yi, musamman waɗanda sunansu ya fita. Amma a duba lissafin. Kyamara da gilasanta da fitilu da kwamfutar gyaran hoto, babu wanda ake ƙerawa a Najeriya. Kafin Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A ce kyamara ce ta dala 2,000. Da naira 920,000 ce, ta koma miliyan uku, ba tare da ta ƙara komai ba.

Sannan aikin da mutum ɗaya ke yi da, yanzu na mutum uku ne ko huɗu: mai hoto, mai bidiyo, mai riƙe fitila, da wanda zai kwana yana tace hotuna da man janareta. In bikin kwana uku ne, kwana ukun za su yi. In kuma aka ce su bi amarya zuwa Arewa, kuɗin motarsu da masaukinsu da abincinsu duk a kan mai biki yake.

Nan ne mutane da yawa ke asara ba su sani ba. Ɗaukar mai hoto daga Legas zuwa Kano kamar kai goro Shagamu ne. Kano da Kaduna da Abuja cike suke da ƙwararru, waɗanda kuma sun fi sanin lokacin da ake buɗar kai da inda ba a shiga da kyamara. Ya fi sauƙi a ɗauki ɗaya a nan, ɗaya a can, a haɗa su a waya su daidaita launin aikinsu, a haɗe a albam guda.

Bikin ƙetare na manya da inuwarsa

Ba za a ce kwaikwayo ba ya cikin lamarin ba. Muna zaune ne a tsakiyar mutanen da biki ya zama musu masana'anta. Sana'ar hoto ma tsohuwa ce a nan Kudu: tun 1942 Solomon Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba na Binin, ya buɗe situdiyonsa, inda mutanen gari ke zuwa su ci ado a ɗauke su. Shafin BellaNaija da aka kafa a 2006 ya mayar da hoton biki abin da ake kallo kamar fim. Yaranmu da 'ya'yan Yarbawa da na Ibo makaranta ɗaya suke, ankon juna suke yi, abin da suka gani shi za su so.

Sai kuma bukukuwan manya. Na Fatima Ɗangote a Maris 2018 ya ratsa Kano da Abuja da Legas, har Bill Gates ya halarta. Na Yusuf Buhari da Zahra Nasir Ado Bayero a Bichi a Agustan 2021 ya cika filin jirgin Kano da ƙananan jiragen masu kuɗi. Mawaƙa da 'ya'yan attajirai kuma suka fara fita waje: Banky W da Adesua a Cape Town a 2017, Davido da Chioma a Miami a 2025, Temi Otedola da Mr Eazi a ƙasashe har uku a shekarar.

Wanda ke da hali ya ce zai yi nasa a waje, kuɗinsa ne. Amma ya lura da abu uku. Na farko, komai da dala ake biya, kuma farashin da aka ba ka yau ba lallai ya zama shi za ka biya ranar ciko ba. Na biyu, biza ba a hannunka take ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai Yulin 2024, jiragen Emirates ma sai Oktoban 2024 suka dawo Legas. Wanda ya biya kuɗin otal a Dubai a tsakanin nan sai dai ya rungumi ƙaddara. Ƙasashen ECOWAS irin su Ghana da Senegal ba sa buƙatar biza, in fitar ce dole. Na uku kuma, wa za a bari a gida? Bikin da uwar ango ba ta samu biza ba, amma abokansa goma sun samu, hotonsa zai yi kyau, sai dai za a daɗe ana maganarsa a dangi.

Matsalar ma ba ta masu kuɗin ba ce sosai. Ta mai shago ce a Mile 12 da 'yarsa ta nuna masa hoton Miami ta ce irin wannan take so. Kallon kitse ake yi wa rogo. A daidai lokacin da ake wannan, a Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta ɗaura auren gata na ma'aurata 1,800, saboda akwai dubban mutanen da gado da katifa ne suka hana su aure.

Hattara da hoton rajista

Akwai wani abu da ya shigo ta ƙofar hoto da biza, wanda ya kamata iyaye su sani. Wasu matasanmu na zuwa rajistar aure ta tarayya da ke Ikoyi, ko makamanciyarta a wasu birane, su sa hannu, su ɗauki hoto da takarda a hannu. Wani don neman biza, wani don kawai ya ga abokansa sun yi.

Wannan takarda ba ado ba ce. Auren da aka yi rajistarsa ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, auren mace ɗaya ne a idon doka. Ƙara wata a kai laifi ne da dokar ta tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Rabuwa kuma ba ta yiwuwa da saki na baki ko na takarda, sai Babbar Kotu ta raba. Maganar na iya taɓa har rabon gado. Wanda ya fahimci haka ya zaɓa, shi ya sani. Amma kada a sa hannu don hoto. In takardar shaida ake nema, a fara tambayar ofishin jakadancin irin wadda suke karɓa, a kuma nemi shawarar lauya da malami kafin a je.

Hotunan kafin aure: wa ke kwana a ciki?

Wannan ita ce muhawarar da ta fi zafi. Malamai sun sha faɗa a mumbari cewa kafin a ɗaura aure, saurayi da budurwa ba muharraman juna ba ne, sa rana ko kai lefe bai halatta runguma ko riƙe hannu ba. Matasa kuma na cewa ai hoton katin gayyata ne kawai. Ana cikin haka dai ana ta zuwa bakin teku a Lekki da lambun Agodi a Ibadan da wurin shaƙatawa na Fatakwal, da akwatin kaya kala uku da mai kwalliya a biye.

Ko an ajiye maganar hukunci a gefe, akwai tambayar da ba a cika yi ba: in auren ya fasu fa? Ana fasa aure saura sati guda, kowa ya taɓa ji. Lefe ana mayarwa, sadaki ana mayarwa. Hoton da ya shiga intanet kuwa ba mai dawo da shi. Namijin zai yi aurensa bayan wata shida ba wanda zai tanka. Yarinyar ce duk wanda ya fito nemanta sai wata ta tura wa 'yan uwansa hoton. Unguwanninmu na Kudu ƙanana ne, kowa ya san kowa, daga Sabon Ibadan zuwa Agege labari ba ya kwana.

Mafitar ba ta da wuya. Tunda yanzu ana yawan ɗaura aure kwanaki kafin shagali, a ɗaga ɗaukar hoton zuwa bayan an shafa fatiha. Wurin yana nan, kayan suna nan, mai hoton ma yana nan. Malam ba shi da ta cewa, uba ya huta, amarya kuma da mijinta ta tsaya.

Hoton na wane ne?

Mutane da yawa na ɗauka tunda sun biya, hoton nasu ne. Masu hoto kuma na ɗauka tunda su suka ɗauka, suna da damar sa shi a shafinsu su yi talla. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta raba gardamar. A ƙa'ida, haƙƙin mallaka na wanda ya ɗauki hoton ne, sai in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Amma wanda ya sa aka ɗauki hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar amfani da shi ta hanyar da ba kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a wallafa shi ko a yaɗa wa jama'a, matuƙar bai sa hannu ya yafe wannan iko ba. Akwai kuma dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023, wadda ta ƙara nauyi a kan neman yardar mutum kafin a yi amfani da bayanansa.

Ma'ana, in kika ga bidiyon kamunki a shafin mai hoto an ɗora masa kiɗa, alhali ba ki yarda ba, kina da bakin magana. Sai dai a kula: manyan masu hoto na da takardar da suke bayarwa a sa hannu, kuma sau da yawa akwai layin da ya ba su izinin talla da hotunan. A karanta kafin a biya kafin alƙalami. In ba a so, a ce a soke layin.

Kuma ba amarya kaɗai ba ce a wajen. Akwai matan aure da suka saki jiki suka yi rawa don sun san taron mata ne. Akwai masu hoton nan-take da ke shigowa ba gayyata, su ɗauki mutane su wanke su baza a bakin ƙofa. Wanda aka saya an saya, wanda ba a saya ba Allah kaɗai Ya san inda yake ƙarewa. Aure nawa ne ya girgiza saboda miji ya ga matarsa a bidiyon da bai san an ɗauka ba?

Bidiyon da ke kai mutum kotu

Akwai kuma maganar liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta a wajen biki, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Shekaru da yawa ba wanda ya damu da dokar. A Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida ba zaɓin tara. A 2025 kuma kotun tarayya a Kano ta yanke wa wani mai sana'ar kwalliya irin wannan hukunci, saboda liƙin da ya yi a bikin kansa. A irin waɗannan shari'u, bidiyon da ya yaɗu a intanet ne ke fara jawo hankalin EFCC. Wato kai ka biya a ɗauki shaidar da za a kama ka da ita. A sa kwano ko ambulan, mawaƙi zai samu nasa, ba wanda ya ragu.

Haka ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tayarwa sama ya ɗauko taro. Tayar da shi na buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ba a yarda da shi kusa da filin jirgi ko barikin soja ba. Mutanen Agege, filin jirgin Ikeja a bayan gidanku yake. In mai hoto ya ce zai kawo, a tambaye shi takardarsa.

Abin da ya kamata a rubuta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kuɗi ya fita daga hannu, a zauna a rubuta, ko da a WhatsApp ne, kowa ya amsa da "na yarda":

Ranaku da wurare da awannin da za a yi aiki, da sunan wanda zai zo da kansa. Sau da yawa da oga ake ciniki, yaronsa ake gani ranar biki.

Adadin hotunan da za a gyara, tsawon bidiyo, ko akwai albam da firem, da ranar da za a kawo su.

Nawa ne kafin alƙalami, nawa ne ciko. Kada a biya duka sai aiki ya zo hannu.

Abin da zai faru da kuɗin in an ɗaga biki ko an fasa, ko rasuwa ta gitta.

Cewa za a ajiye hotunan a wuri biyu tun daren bikin. Memori na lalacewa, waya da kwamfuta ana sacewa, biki kuma ba a maimaita shi.

Ko an yarda a sa hotunan a shafin mai hoto, in an yarda kuma waɗanne. Amarya ce za ta zaɓa, ba abokin ango ba.

Wuraren da namiji ba zai shiga da kyamara ba.

Dama ce ga 'ya'yanmu, musamman mata

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya kawo mu ga wata dama da ke kwance. Rabin bikin Bahaushe na mata ne zalla: sa lalle, kamu, yini, wankan amarya, buɗar kai. Gidaje da yawa na shigar da ƙato baƙo tsakiyar matansu ne don ba su da zaɓi. Yarinyar da ta iya kyamara, ta san al'ada, tana jin Hausa da Yarbanci, ba za ta rasa aiki ba a Legas ko Ibadan, kuma ba bikin Hausawa kaɗai ba, har na sauran Musulmin Kudu da ke son sirri. Koyon ba ya buƙatar digiri. Watanni ne a hannun wanda ya iya, kuma ana samun hayar kayan aiki kafin mutum ya sayi nasa. Ƙungiyoyinmu na matasa da masu hannu da shuni da ke raba keken ɗinki duk shekara, su gwada sa kyamara a cikin lissafin.

Sarakunan Hausawa da limaman unguwanni ma na da rawar takawa. Hana hoto ba zai yiwu ba, wanda ya gwada zai yi magana ne da iska, don buƙatar da ta kawo shi ta gaske ce. Abin da zai yiwu shi ne a sa tsari: hoton ma'aurata bayan ɗaurin aure, mata su ɗauki mata, a daina liƙi a gaban kyamara, kuma in rigima ta taso tsakanin mai biki da mai hoto a sami inda za a kai ƙara a fada kafin a kai ga 'yan sanda.

A ƙarshe, kowa ya auna aljihunsa, daidai ruwa daidai tsaki. In kuɗin da ke hannu zai iya biyan abu ɗaya ne kawai, ko ƙarin mai bidiyo na biyu ko kujerar jirgi da za ta kawo kakar amarya daga Kano, a kawo tsohuwar. Hoton da aka ɗauka tana riƙe da hannun jikarta shi za a nema bayan shekara ashirin.

Allah Ya ba ma'aurata zaman lafiya, Ya kuma tsare mana hanyoyinmu.